Injin gudu, keke ko agogon zamani: wanne zan fara saya? Likita ya ce jinina ya hau

Ma'aikaci_Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar nan. Shekarata 44, aikin ofis nake yi, tun takwas na safe har bayan la'asar ina kan kujera gaban kwamfuta, in na tashi mota zan shiga, in na iso gida kuma zama ne har barci, gaskiya in ka cire zuwa masallacin bakin layinmu babu wani motsi da nake yi. Watan jiya na yi ta fama da ciwon kai ta ƙeya, na je asibiti aka auna aka samu 148 bisa 94, aka ce in dawo bayan sati biyu, na koma kusan hakan dai aka sake samu, suga kuma likita ya ce bai zama ciwo ba tukuna amma yana bakin ƙofa. Ya ɗora ni kan ƙwaya ɗaya kullum, ya ce in rage gishiri in rage tumbi in dinga motsa jiki. Mahaifinmu shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara uku kafin Allah ya karɓi abinsa, ni na yi jinyarsa, shi yasa maganar nan ta tsaya min a rai sosai, yarana ƙanana ne.

Abin da ya sa nake tunanin kayan gida, ba ni kaɗai ba ne, uwargida ma tun haihuwarta ta huɗu jiki ya yi mata nauyi gwiwa na damunta, kuma ba za ta je jim, wato wurin motsa jiki, inda maza da mata ke cakuɗe ba, nima ba zan so ba, na mata zalla da muka samu kuma ya yi mana nisa. Na ɗan tara wajen dubu 450. Wani abokin aikina ya ce in sayi injin gudu na hannu irin wanda ake shigowa da su daga waje, wani ya ce a'a keken nan da ake tuƙawa a wuri ɗaya ya fi, sai kuma ga tallan wani agogo da ke ta bina a Facebook da Instagram wai yana auna hawan jini da suga da iskar jini da barci duk a tsintsiyar hannu ba sai an huda yatsa ba, kuɗinsa bai kai dubu 30 ba. Wallahi na rikice. Wanne zan fara saya? Kuma agogon nan da gaske ne? Wuta dai kun san halinta, muna da ƙaramin janareta da inbata mai batir biyu. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Baƙo_a_Amurka:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Allah ya jiƙan Baba ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, kai kuma Allah ya ƙara lafiya. Bari in ba ka labarin abin da na gani da idona a ƙasar nan, don a nan ne kasuwar kayan motsa jiki na gida ta fi ko'ina tashi, kuma a nan ta fi faɗuwa, inaga zai taimaka maka kafin ka fitar da kuɗinka.

Akwai wani kamfani Peloton, a New York aka kafa shi a 2012, keken motsa jiki suke yi mai babban allo a gaba, kana tuƙi kana kallon mai koyarwa kai tsaye yana ta ƙarfafa ka, a gefen allon kuma ga jerin sunayen dubban mutane da kuke tuƙi tare a lokaci ɗaya kowa na gidansa, kana ganin wa ya wuce ka wa ka wuce. Keken dala 2,245 suke sayar da shi a lokacin, bayan haka kuma kowane wata sai ka biya dala 39 kuɗin darussan, daga baya ma suka mayar da shi 44. Da korona ta zo a 2020 aka rufe duk wuraren motsa jiki mutane na kulle a gida, sai kowa ya ruga saye, mutum ya biya ya yi wata biyu ko fiye yana jira ba a kawo masa ba saboda yawan masu nema, zuwa farkon 2021 darajar kamfanin ta kai kusan dala biliyan 50. Ba su kaɗai ba, Lululemon masu kayan sawa na wasanni suka sayi wani kamfani Mirror dala miliyan 500, madubi ne da in ka kunna shi mai koyarwa zai fito a ciki, Google kuma ta kammala sayen Fitbit masu agogon ƙirga taku kan dala biliyan 2.1. Kowa ya ɗauka shikenan an daina zuwa jim har abada.

To da aka buɗe gari sai labari ya sha bamban. Mutane suka koma jim, suka koma fita, a Fabrairun 2022 John Foley wanda ya kafa Peloton ya sauka daga shugabanci aka sallami ma'aikata 2,800, darajar hannun jarinsu ta zube da fiye da kashi 90 cikin ɗari, madubin nan kuma Lululemon ta daina sayar da shi a ƙarshen 2023. In ka shiga kasuwar kayan hannu ta Facebook a nan za ka ga kekuna da injin gudu birjik, wasu ko wata uku ba a yi ana hawansu ba, kuma irin su ne ake lodawa a kwantena su iso muku can.

Nima na sayi keke a lokacin, ba nasu ba, wani mai sauƙin kuɗi. Wata uku ina hawa kullum, daga nan ya koma sau biyu a sati, daga nan na daina gaba ɗaya kusan shekara. Abin da ya dawo da ni wani dattijo ne maƙwabcina ɗan Sudan da muke fitowa sallar asuba tare, shi ya ce mu dinga zagaya unguwa bayan sallah, in na makara zai ƙwanƙwasa min ƙofa, kunyar dattijon nan ta fi duk wata manhaja aiki a kaina. Yanzu in sanyi ya yi tsanani ƙanƙara ta rufe hanya ne nake hawa keken. Shawarata ka riƙe kuɗinka kwana 30, ka fara tafiyar minti 30 kullum da ƙafarka, wayarka ma tana ƙirga taku kyauta, in ka cika kwana talatin ɗin nan to ka san inji zai amfane ka, in ka kasa to ka san ba rashin inji ne matsalar ba. Kuma duk injin da ka ga yana da ƙaton allo ka tambaya ko sai da biyan kuɗin wata da intanet mai ƙarfi yake aiki sosai, da yawansu haka suke.

Malamar_Jinya:

Malam sannu, Allah ya ba da lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 16 a aiki, kuma maganar agogon nan ita ta sa na kasa wucewa ban yi magana ba. Dan girman Allah kar ka saya da niyyar auna suga. Babu agogo ko zobe ko ɗaya da aka tabbatar yana auna suga ba tare da an shiga fata ba, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka FDA ta fitar da gargaɗi a kan haka a Fabrairun 2024, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba kuma kar a yi amfani da su. Ka duba fa, Apple da Samsung da duk kuɗinsu ba su fitar da agogo mai auna suga ba, sai na dubu 30 ne zai iya? Lamba kawai yake nuna maka wadda za ta kwantar maka da hankali. Na ga wata baiwar Allah da ta daina shan maganinta saboda agogon da ɗanta ya sayo mata kullum yana nuna mata komai lafiya, ranar da aka kawo ta wajenmu ba ta san inda take ba, abin ya daɗe yana damuna. Na'urar zamani ta gaske da ke bin suga dare da rana akwai ta, irin su FreeStyle Libre, amma ita ana manna ta ne a bayan dantse tana da ɗan siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, kwana 14 take yi a canza, tana da tsada kuma kai a matakin da kake ba ka buƙatarta.

Hawan jini ma kusan haka ne. Ko agogon Samsung da ke da wannan tsarin sai ka daidaita shi da na'urar awo ta gaske duk bayan sati huɗu, kaga kenan ita na'urar ce uwa. Don haka abu na farko da za ka saya, tun kafin inji kafin keke, shine na'urar awon jini ta dantse mai batir, irin su Omron ko wata da likitanka ya yarda da ita, ba ta tsintsiyar hannu ba. Kuma a iya awon, don yawancin mutane a nan suke kuskure. Ka zauna minti 5 shiru bayanka a jingine ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannun a ɗore kan tebur daidai ƙirji, kar ka ci goro ko ka sha shayi mai ƙarfi ko kofi rabin awa kafin nan, kar ka yi magana lokacin da take aiki, ka auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe kafin magani da kuma dare, ka rubuta a littafi ka kai wa likita ranar da zai gan ka. A asibiti 140 bisa 90 ake cewa ya hau, awon gida kuma daga 135 bisa 85. In ka taɓa ganin 180 bisa 110 ko sama kar ka ce bari in yi atisaye ya sauka, asibiti za ka nufa. Kuma ko ya sauka ya yi kyau kar ka ajiye ƙwayar nan da kanka.

To agogon ba shi da amfani kenan? Yana da shi, ƙirga taku da bugun zuciya, nan ya iya. Jami'ar Stanford ta gwada guda bakwai a 2017, bugun zuciya yawancinsu sun yi daidai, amma lissafin kalori da suke cewa ka ƙona ko wanda ya fi kyau a cikinsu ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, mafi muni kashi 93, don haka kar agogo ya ce ka ƙona kaza ka je ka rama da lemon kwalba. Wani abu kuma da ya shafe mu mu baƙaƙen fata, na'urorin nan haske suke haskawa cikin fata su karanta gudun jini, shine koren hasken da kake gani a bayan agogon, kuma launin fata na iya shafar karatun. Ko abin auna iskar jini da muke maƙalawa a yatsa a asibiti, wani bincike na jami'ar Michigan a 2020 ya gano ya fi ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku kan farar fata. In na asibiti haka ne ina ga na talla. Ka ɗaura shi ya kama hannu sosai, ɗan sama da ƙashin tsintsiya, ka ɗauki lambarsa a matsayin kimantawa.

Adadin motsin da ake so kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, wato tafiya da sauri wadda za ka iya magana amma numfashinka ya ɗan ɗaga, da kuma kwana biyu a sati na abin da zai ƙarfafa tsoka. Minti 30 sau biyar ya ba ka 150. In ka ɗan taka minti goma zuwa sha biyar bayan cin tuwon dare yana taimaka wa suga sosai. Kar taku dubu 10 ɗin nan ya tsorata ka, asalinsa sunan wata na'urar ƙirga taku ce da kamfanin Yamasa na Japan ya fitar a 1965 bayan wasannin Olamfik na Tokyo, sunanta manpo-kei wato ma'aunin taku dubu goma, talla ce ta zama kamar doka. Binciken da aka yi a Harvard a 2019 kan mata tsofaffi ya nuna masu yin wajen taku 4,400 a rana mace-macensu ya yi ƙasa sosai kan masu yin 2,700, amfanin yana ta ƙaruwa har wajen 7,500. Ka fara daga inda kake ka dinga ƙarawa. In ka ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi ya sarƙe ka tsaya nan take. Gishiri kuma ƙasa da giram 5 a rana, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda ke cikin magi da indomi da yajin tsire ake lissafi.

Mai_Gyaran_Inji:

Oga sannu da jiki. Ni aikina kenan gyaran kayan wuta, injin wanki da firiji da su injin gudun nan, bari in faɗa maka ta ɓangaren ƙarfe tunda Anti ta gama da ɓangaren lafiya. Inbata mai batir biyu da ƙaramin janareta ba za su ɗauki injin gudu yadda ya kamata ba. Motar da ke juya shi yawanci ƙarfin doki ɗaya da rabi ne zuwa biyu da rabi, in mutum mai nauyi ya hau yana iya jan wat ɗari shida zuwa sama da dubu, lokacin tashi kuma ya fi haka ja, in wuta na rawa fanel ɗin da ke sarrafa motar shi ke fara ƙonewa kuma shine mai wahalar samu, sau da yawa sai an yi odarsa ko a ciro na wani mataccen inji. Sannan ka duba bayan injin wajen da aka rubuta wutarsa, in daga Amurka ko Kanada ya fito 110 ko 120 ne, tamu kuma 230 ce, ka soka shi kai tsaye ya tafi kenan, dole sai da taransifoma mai rage wuta kuma babba ba irin ta cajin aska ba. Na Ingila da Turai su wutarsu ɗaya da tamu.

Mafi yawan waɗanda ake kirana gyarawa ba aiki ne ya kashe su ba, ajiya ce, an bar shi wata shida a lungu ƙurar hunturu ta cika motar ɓera ya shiga ya cinye wayoyi. Bel ɗin da ake takawa kuma yana son man silikon a ƙarƙashinsa lokaci lokaci, wasu sai su zuba baƙin mai ko man gyaɗa su lalata shi. In dai ka nace sai shi, kar ka biya sai ka hau da kanka ka yi minti 15 a kai a shagon, ka saurari ƙara, ka shinshina ko akwai ƙaurin waya, ka duba iya nauyin da aka rubuta yana ɗauka don ƙananan nan da ake turawa ƙarƙashin gado yawanci kilo 100 zuwa 120 ne iyakarsu.

Abu mafi muhimmanci, ka ce kana da ƙananan yara. Injin nan yana jan hannun yaro ko rigarsa ta baya ya murje fata, na ga yaron da ya rasa fatar bayan hannu a gidan da na je aiki. Kamfanin Peloton da Yaya na Amurka ya ambata ma a watan Mayun 2021 sai da suka janye injin gudunsu Tread+ wajen guda dubu 125 bayan wani yaro ya rasu wasu da dama sun ji rauni, daga baya hukuma ta ci su tarar dala miliyan 19 saboda jinkirin kai rahoto. Duk mai shi ya cire ɗan makullin nan mai jar igiya ya ɓoye, ya zare soket, ya kulle ɗakin.

Ni da kuɗina ne keke zan saya, mai maganaɗisu, ba ruwansa da wuta sai ƙananan batir biyu na allo, ba shi da ƙara, ba ya cin wuri, kuma mai ciwon gwiwa ya fi mata sauƙi kan gudu. Ka tabbatar sirdin yana hawa yana sauka don ku biyu za ku yi amfani da shi, in an zauna ƙafa ta kusa miƙewa in feda ta kai ƙasa, in ya yi gajere shi ma yana sa ciwon gwiwa.

Uwar_Biyu_Zariya:

Duk na karanta kuma na ƙaru, amma Yaya na Amurka ina da ja a maganarka kaɗan. Ka ce a fita a zaga unguwa bayan asuba, wannan shawarar maza ce. Ni mace in fito da duhun asuba ina zagaya layi da sauri, kafin azahar an kai wa surukata labari, ga karnuka ga rashin tsaro, kuma a lokacin nake haɗa karin kumallo da shirin makaranta. Malam ya ce matarsa na ciki, kar a manta da ita a lissafin. Mu kayan cikin gidan nan da waya ba gayu ba ne a wajenmu, su ne kaɗai hanyar da ta rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a alƙaluman da ta fitar a 2024 ta ce kashi 31 na manya a duniya ba sa samun isasshen motsi, mata kashi 34 maza 29, kuma ni ban yi mamaki ba. Iyayenmu mata ba su san jim ba amma sun yi surfe sun yi daka sun ja guga a rijiya sun yi niƙa a dutse sun yi wanki a tsugune, mu yanzu inji ke niƙa, bilenda ke markaɗe, famfo na tsakar gida, ɗan adaidaita na ƙofar gida, ga shinkafa ga taliya ga lemo, jikin kuma shine dai irin nasu.

Ni abin da ya yi min aiki bayan tiyatar haihuwa ta biyu, da likita ta ba ni izini, bidiyon tafiya a cikin ɗaki ne na YouTube, kina tsaye wuri ɗaya kina taku kina ɗaga gwiwa kina matsawa gefe da gefe, na minti 15 na fara yanzu ina yin na 40. Ina sauke su da datar dare mai araha in ajiye a waya, kiɗan kuma na kashe shi in kunna karatu ko rediyo tunda motsin kawai nake kallo. Na sayi robar ja guda uku da tabarmar roba, nauyi kuma gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi nake cikawa, kilo ɗaya da rabi kenan kowane hannu. Sai ɗan agogon Xiaomi na roba da ƙanina ya ba ni, cajinsa na kai ni wajen sati biyu wanda da irin wutarmu ba ƙaramin abu ba ne, taku kawai nake dubawa a ciki.

Amma inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shine maganar dattijon da ke ƙwanƙwasa maka ƙofa. Mu namu a WhatsApp yake, mu tara ne 'yan ajinmu na sakandare, kowace dare bayan isha kowa za ta turo hoton takunta na ranar, in aka ga shiru kwana biyu za a kira ki a ji ko lafiya. Wata 14 kenan, na sauke kilo 9, hakin da nake yi in na hau bene ya tafi, sallah ma yanzu ina sujada in tashi ba tare da na dafa ƙasa ba, wannan ya fi min komai daɗi. Malam ka sa Hajiya ta nemi ko mutum uku cikin 'yan uwanta ko ƙawayenta su haɗa irin wannan, kuma ka ɗauke mata yaran na rabin awar nan, in ba haka ba ko inji na miliyan ka kawo ba za ta samu sararin hawa ba. Gwiwar kuma a kai ta a duba tukuna.

Ƙari ɗaya, a kula da abin da ake zubawa cikin manhajojin nan. A 2021 hukumar kare masu saye ta Amurka ta kama manhajar Flo ta lissafin al'adar mata da miƙa bayanan mata ga Facebook da Google bayan ta yi alkawarin sirri. Ni tun da na ji haka a littafi nake rubuta nawa.

Baƙo_a_Amurka:

Gaskiyarki Hajiya, na karɓi gyara, da idon namiji na kalli abin. Kuma maganar sirrin nan ta tuna min, masu fita gudu su daina saka taswirar hanyarsu a Facebook da sitatus. A 2018 taswirar da Strava, manhajar masu gudu da tuƙa keke, ta wallafa sai da ta fallasa sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan saboda sojojin na gudu da agogo a hannu. Taswirar nan tana nuna ƙofar gidanka da lokacin da kake fita kullum kai kaɗai, da halin da ake ciki na masu garkuwa da mutane wannan ba abin wasa ba ne, a shiga saitin a rufe.

Ma'aikaci_Kano:

Jama'a na rasa bakin godiya, Allah ya saka wa kowa da alheri ya jiƙan iyaye. Na karanta wa uwargida duka jiya da dare, maganar Hajiya ta Zariya ta fi shigarta, har ta kira ƙannenta biyu da matar wana sun buɗe nasu zauren. Agogon talla na fasa. Injin gudu ma na fasa saboda yara da wuta. Mun tsaya kan na'urar awon jini yanzu, keke mai maganaɗisu kuma ƙarshen wata in mun cika kwana talatin ɗin, ranar Alhamis zan kai ta a duba gwiwar. Ni na fara yau, na koma masallacin Juma'a na bakin titi don asuba maimakon na layinmu, waya ta nuna min taku 3,100 zuwa da dawowa. Tambaya ɗaya ta rage Anti malamar jinya, na je kemis na ga na'urar kala biyu, mai shagon ya ce duk ɗaya ne, amma ni dantsena yana da kauri, akwai bambanci?

Malamar_Jinya:

Akwai bambanci sosai Malam, ba ɗaya ba ne. In abin naɗawar ya yi wa dantse kaɗan lambar da zai ba ka za ta fi ta gaskiya yawa, ka tayar da hankalinka a banza ko a ƙara maka magani ba dalili. Ka karɓi tef ɗin tela ka auna kaurin dantsenka a tsakiya, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Matsakaici yawanci santimita 22 zuwa 32 ne, babba 32 zuwa 42, akwai kuma mai ɗaukar 22 zuwa 42 gaba ɗaya wanda shi zai fi muku tunda da Hajiya za ku dinga amfani da shi, a jikin kwalin ake rubutawa. Ranar farko ka auna hannu biyun, wanda ya fi nuna lamba mai yawa shi za ka ci gaba da aunawa. Ranar Alhamis ɗin in za ku asibiti ka tafi da ita a gwada ta da tasu a gani ko sun yi daidai.